Ranar da Yaya Garba Ya Kwance Kunnen Jita a Kasuwa

Shekara ashirin da biyar ke nan da muka kai yayana Garba makwancinsa a Birnin Gwari, kuma ban taɓa rubuta ko layi ɗaya a kansa ba. Ba mantuwa ba ce. Shi ne ba ya son a zauna ana ta yabon mutum, da rai ko ba rai, ni kuwa har bayan mutuwarsa ina jin nauyinsa. Wanda ya sa na karya wannan shiru bana jikana ne, Nura, mai kaɗa jitar bes, wato mai kaurin murya, a wani ɗakin haɗa waƙoƙi a Kaduna. Ya zo gaishe ni, bai gama zama ba ya tura min wayarsa a fuska.

"Tsoho, in idon naka na gani, duba abin da za a kawo min daga waje."

Na ce ya bari in sa tabarau, mara kunya. Da na duba sai na ga hoton wani ɗan ƙarfe baƙi mai idanu a jere. Ba sai ya gaya min ko mene ne ba. Ga wanda bai sani ba, a ƙarƙashin wayoyin jita mai lantarki akwai wani ɗan abu da bai fi tsawon tafin hannu ba. A cikinsa ƙananan maganaɗisu ne da aka naɗe da wayar jan ƙarfe siririya kamar gashi. Shi ke jin rawar wayoyin jitar ya aika wa lasifika. In ba shi, jitar katako ce kawai. Samarin yanzu fikof suke ce masa. Yaya Garba kunne yake ce masa, ni ma haka zan kira shi.

Nura ya yi min bayani cewa wannan sabo ne fil, amma an yi shi ne ya kwaikwayi na zamanin da. Akwai masu sana'a a ƙasashen waje da ba su da aiki sai wannan: su naɗa wayar da hannu, da gangan su ƙi jera ta daidai, har murfin ma su dafe shi ya yi kamar ya sha shekaru, don dai sautin ya fito irin na jitocin da aka yi kafin a haifi ubansa. Na yi dariya har da tari. Sai kuma na daina dariyar, domin na san mutumin da ya ƙare rabin rayuwarsa yana neman sautin tsohon kunne guda ɗaya, kuma ni ne sanadin da ya rasa shi.

Yaya Garba mai gyaran rediyo ne. Rumfarsa na bakin kasuwa, tana kallon hanyar da manyan motoci ke bi daga Kaduna zuwa kudu. Lokacin babu wutar lantarki a garin, komai da batir ne, saboda haka rumfar kullum warin ruwan batir da dalma take yi. Mutum ne da za ka yi masa tambaya yau ya ba ka amsa gobe. Innarmu takan ce Garba ko tuwo aka ba shi sai ya buɗe ya ga abin da ke ciki kafin ya ci. Taurin kai kuwa, ban ga na biyunsa ba a zuri'armu, mu da ba a raina mu a wannan fanni.

Amininsa wani makanike ne a ma'aikatar gyaran hanya, mutumin Gabas, sunansa Obi. Ya daɗe a garin har Hausa ta zauna masa a baki, sai ɗan karkacewar harshe da muke tsokanarsa da ita. Obi na da wata jar jita mai kunne biyu da ya ce a Ikko ya same ta hannun wani ma'aikacin jirgin ruwa. Ranar Asabar da la'asar yakan kaɗa ta a bariki, ta cikin wani akwatin ƙara sauti da Yaya ya haɗa masa da kayan cikin tsohuwar rediyo da batirin mota. Musulmi da Kirista, 'yan gari da baƙi, kowa yakan tsaya ya ji. Wata rana kunnen sama ya mutu, Obi ya kawo jitar rumfar Yaya. Kafin Yaya ya taɓa ta, ƙasa ta yamutse. Waɗanda suka ga wannan shekara sun san abin da nake nufi, ba sai na tona ba. Mutanen Gabas suka fara tattara abin da hannu zai iya ɗauka.

Ina rumfar da safiyar da Obi ya zo sallama. Motar katako na jiransa a bakin hanya, matarsa da 'ya'yansa sun riga sun hau.

"Garba, ba wuri a mota. Riƙe min ita."

"Je ka, Allah ya kiyaye hanya. Za ka dawo ka same ta tana magana da kunne biyu, da muryar da ka san ta da ita."

Na kalli Yaya, don na san ba ya yin alkawari da wasa. Daga wannan rana jitar Obi ta zama amana a wuyansa, kuma ya ɗauki maganar murya da gaske fiye da yadda ko Obi zai ɗauka.

Ya buɗe mataccen kunnen ya tarar wayar ta tsinke can ciki, ba halin ƙulli, sai dai a sake naɗi gaba ɗaya. Ɗaya kunnen mai rai kuwa ya hana kansa taɓa shi. Shi ne ma'auninsa: ya naɗa nasa, ya kaɗa, ya saurara, sannan ya juya kan na asali ya sake saurara. Waya yakan zaro ta daga cikin matattun rediyoyi. Abin naɗi kuma keken ɗinkin matarsa, Yaya Hajo, ya ɗauke, ya liƙa ɗan katako a jikin ƙafar juyi. An sha rigima a kan keken nan. Wayar ko atishawa ka yi kusa da ita sai ta tsinke, in ta tsinke kuma a koma farko. Ana cikin haka yaƙin basasa ya ɓarke, samarin gari suka shiga soja, shi yana rumfa yana juya keke.

Da ya samu naɗin da ya kusa, sai wata matsala ta ɓullo. Yana ƙara sauti kunnen zai ƙwala ihu kamar an taka ɗan akuya. Ya koma kan tarkacen tsohon ya kankare wani abu mai maiƙo da ke tsakanin wayoyin, ya shinshina, ya ɗanɗana. Washegari ya ce min kakin zuma ne, shi ke riƙe wayar kada ta yi rawa. Ya gwada na kasuwa ya ce an gauraya shi da man kaɗe. Shi na saƙa yake so, wanda aka narka a gabansa.

Nan na shigo cikin labarin. Ni lokacin sabon malamin daji ne, da kakin aikina da kekena, ban daɗe da aure ba, matata na da cikin fari. Na san wani dattijo ɗan Gbagyi, Baba Dogo, da ke da amya a kan itatuwa can cikin daji ta wajen Kuyello. Na ɗauki Yaya muka je. Muka sake zuwa, muka kuma sake, don duk lokacin da ya yi sabon naɗi sai an tsoma shi. Yakan naɗe kunnen da guntayen wayoyi a tsumma ya ɗaure a bayan keke. Baba Dogo ya narka kakin a gwangwani bisa garwashi, Yaya ya tsoma kunnen ya tsuguna yana kallon kumfa har ta daina tasowa. Dattijon yakan girgiza kai ya ce, "Malam Garba, mutane na zuwa neman zuma, kai kana zuwa neman abin da ake zubarwa."

Dajin nan a wancan zamani abin tsoronsa gwaggon biri ne da maciji, sai kuma ɓata hanya. Mukan ga gwanki ya tsallaka gabanmu ko a jikinsa. Yau ba mai shiga neman zuma. Manomi ma gonarsa ta bakin daji sai ya yi addu'a ya yi sallama da iyali kafin ya tafi. Abin da ya fi ci min rai shi ne, wanda ya shiga ya fito lafiya bai tsira ba, domin kafin ya iso gida an fara raɗa cewa infoman 'yan bindiga ne, in ba haka ba me ya sa aka ƙyale shi. Matasa na ɗauka wannan sabon ciwo ne. Ni na ga farkonsa da idona, a lokacin da dajin ke lafiya lau.

Ranar kasuwa ce, da hantsi. Yaya ya haɗa jitar da akwatin don ya gwada sabon naɗi, ya ƙure sauti, ya juya neman wani abu. Ba wanda ya taɓa jitar, sai ga muryar namiji ta fito daga lasifika, da Turanci, tana shiga tana fita. Wani malamin makaranta da ke shan shayi a rumfar kusa ya tsinci sunayen garuruwan da ake gwabzawa a cikinsu. Yaya ya zare waya, muryar ta ɗauke. Ya mayar, ta dawo. Shi abin sha'awa ma ya ba shi, har yana murmushi. Bai lura masu shayi sun ajiye kofunansu ba.

Kafin azahar magana ta zaga kasuwa, kuma duk bakin da ta bi sai ta ƙara ƙiba. Obi ya bar wa Garba na'urar magana da 'yan tawaye, an ɓoye ta a cikin abin kiɗa. Ai shi ya sa yake shiga daji da wayoyi. Ai shi ya sa rumfarsa ke kallon hanyar da motocin soja ke bi. Kafin la'asar mutane sun fara zuwa suna karɓe rediyoyinsu, gyararru da marasa gyara, ba mai haɗa ido da shi. Na same shi na ce ya ba ni jitar in kai ta wani ƙauye in ɓoye, ko mu jefa ta rijiya. Ya kalle ni kamar na zagi Inna.

"Kayan mutum zan jefa rijiya saboda surutun 'yan shayi?"

Na ce, "Yaya, wannan ya wuce 'yan shayi."

Ya ci gaba da share teburinsa.

Kada mai karatu ya ɗauka mutanen garinmu mugaye ne. Kusan kowane gida akwai wanda ke bakin daga. Maƙwabciyarmu Inna Lami, wadda ta goya Yaya yana jariri, ɗanta Audu ya tafi soja kuma an daɗe ba a ji ɗuriyarsa ba. Mutumin da ke cikin wannan hali, in aka ce masa ga wanda ke tona asirin motocin da suka ɗauki ɗansa, ba ya tsayawa tambayar yadda waya ke aiki. Na fahimci wannan yanzu. A ranar dai haushinsu na ji, kuma tsoro ya hana ni cin abinci.

Washegari da safe motar soja ta tsaya a gaban rumfar. Wani saje ya sauko yana ɗingishi, da sojoji biyu, da ɗan dokan garinmu a bayansu yana sunkuyar da kai. Daga baya muka ji sajen daga bakin daga ya dawo da raunin ƙafar. Ba ranar kasuwa ba ce, amma kafin ka ce kwabo filin ya cika. Ni ina tsaye gefen rumfar cikin kakin aiki.

"Kai ne Garba mai rediyo?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Wannan abin na wane ne?"

A zuciyata ina roƙon Allah ya ce nasa ne. Wa zai ƙaryata shi? Sai na ji ya ce, "Na Obi ne. Amana ya bar min."

Taron ya ɗauki guna-guni. Saje ya ce a kunna. Yaya ya haɗa wayoyi. Da farko shuu kawai ake ji, har na fara sakin numfashi. Sai muryar ta taso, can ƙasa-ƙasa, amma kowa ya ji ta. Wata mata ta yi salati. Ɗaya daga cikin sojojin ya gyara riƙon bindigarsa.

Yaya ya ce, "Ranka ya daɗe, wayar ce doguwa, akwatin kuma kayan cikin tsohuwar rediyo ne. Wani lokaci sai su kamo abin da ke yawo a iska. Ji kawai suke yi, ba sa aikawa."

"Wato rediyo ce."

"Ba rediyo ba ce."

"Ta kama magana ko ba ta kama ba?"

"Ta kama."

Duk bayanin da ya ƙara sai ya ƙara nutsar da shi, shi kuma ba zai rage gaskiya ko ƙwaya ɗaya ba don ya tsira. Saje ya sa aka buɗe akwatin, bai ga abin da ya gane ba. Ya nuna jitar ya ce a buɗe waɗannan ƙarafa biyu. Yaya ya kwance nasa naɗin ya miƙa. Saje ya kankare kakin da wuƙa, ya shinshina, ya jefar a tebur.

"Wannan kai ka yi, na gani. Ɗayan fa, wanda mai jitar ya zo da shi?"

"Wancan a liƙe yake tun daga inda aka ƙera shi. In na buɗe shi ya mutu, kuma babu irinsa a ƙasar nan da zan samo. Na yi wa mai shi alkawari."

"To zaɓi. Ko ka buɗe shi nan a gaban jama'a, ko ka hau mota ka yi bayani a Kaduna." Ya ɗan tsaya. "Kai da wanda ke kai ka daji."

Idanun kasuwa gaba ɗaya suka juyo kaina. A wancan lokaci wanda ya hau irin wannan mota da irin wannan zargi, iyalinsa ba sa sanin ranar da za su sake ganinsa, ko ma za su gan shi. Na san yayana. Na rantse da Allah da shi kaɗai aka ce, da ya rungumi jitar ya hau motar nan ba tare da ya waiwaya ba. Saje ya ɗaga wa direba hannu, aka tayar da mota.

Sai Inna Lami ta ratso taron, zaninta a karkace. Ba ta yi ihu ba. Ta tsaya gaban teburin ta ce, "Garba, ni na goya ka. Don Allah ka buɗe. In babu komai a ciki in gani da idona, ko zuciyata ta kwanta."

Yaya ya dube ta, sannan ya dube ni. Bai daɗe yana kallona ba, amma ban taɓa manta kallon ba. Ya juya ga saje.

"Zan buɗe. Alfarma ɗaya nake roƙo, a kashe motar nan, a bar ni in ji shi tukuna."

Ban san abin da ya taɓa zuciyar sajen ba. Wataƙila gajiya ce kawai. Ya sa aka kashe mota. Yaya ya gajarta wayar ya sake haɗawa, ya zauna a kan benci ya ɗora jitar a cinya. Shi ba makaɗi ba ne, ko waƙa ɗaya bai iya ba. Ya ja waya ta farko da babban yatsa, ya rufe ido, ya bar sautin ya tafi har ya mutu da kansa. Sannan ta biyu. Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya har ta shida, ga bindigogi a kansa, ga gari ya zuba masa ido, shi kuwa ya karkatar da kai kamar mai sauraron wasiyya. Da ya gama ya buɗe ido ya ɗauki sukudireba.

Ya ɓalle murfin, ya nemo bakin wayar da allura, ya fara warwarewa. Kaki ya riƙe ta, tana zuwa tana tsinkewa, yana sake nemo bakin. Bai yi gaggawa ba, bai kuma yarda a sa wuƙa ba. Rana ta take, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Waya ta taru a kan tebur kamar gashin da wanzami ya aske. Mutanen da suka zo ganin asiri suka fara gajiya, na baya suka fara zamewa. A ƙarshe ba abin da ya rage sai ɗan allo da ƙananan maganaɗisu shida. Ya juye su a tafin Inna Lami. Ta jujjuya su, ta miƙa wa saje, ta ja mayafinta ta tafi tana share ido. Saje ya kai wuƙarsa kusa, suka manne mata. Ya cire su ya ajiye. Ya sa aka ɗauki akwatin sautin aka jefa a mota, ya ce kada ya sake jin an shiga daji da waya. Suka tafi.

Ba wanda ya zo ya ba Yaya haƙuri, ko a ranar ko daga baya. Rediyoyi dai suka riƙa dawowa ɗaya-ɗaya, masu su na gaisuwa kamar ba abin da ya faru, shi ma yana amsawa haka. Audu bai dawo daga yaƙi ba. Yaya ne ya ci gaba da gyara wa Inna Lami rediyonta har ta rasu. Ni kuwa da na je yi masa godiya da yammacin ranar, na tarar ya tattara tsinkakkiyar wayar a gwangwani yana kallo. Na buɗe baki ya ɗaga min hannu.

"Je ka gida wurin matarka. Kada ka yi min magana yanzu, ina riƙe da sautin a kaina."

Daga nan aikin ya zama biyu, kuma ba ma'auni sai abin da ya adana a kunnensa. Kakin ma ni nake karɓo masa wurin Baba Dogo, shi bai sake taka dajin ba. Ya naɗa, ya saurara, ya warware. Yaƙi ya ƙare, mutanen Gabas suka fara dawowa garuruwan Arewa, Obi shiru. Yaya Hajo ta haƙura da kekenta. Muka riƙa ce masa ya bar wahalar da kansa, wa ya san ma ko mutumin na raye. Ya yi kunnen uwar shegu da mu.

Ina yawan tambayar kaina me zai ce da ya ga masu kwaikwayon tsohon kunne na yanzu. Na farko dai zai ce a ba shi ɗaya ya buɗe. Dafe murfi don ya yi kamar tsoho kuwa zai kira shi ƙarya kai tsaye, ba ya ɓoye irin wannan. Amma ba na jin zai yi musu dariya yadda na yi. Ya san abin da ke sa mutum ya zauna yana juya waya yana neman muryar da ta riga ta wuce. Abin da zai tambaya shi ne, a cikinsu wa ya taɓa jin na asalin da kunnensa, kuma me ya bayar kafin ya ji.

Sai da aka yi wasu shekaru da gama yaƙi, wata rana da la'asar, wata motar kayan gyara ta tsaya a bakin kasuwa. Wani ramammen mutum mai furfura ya sauko ya tsaya yana kallon rumfuna. Ina zaune wurin Yaya. Shi ya fara gane shi, ta tsayuwarsa. Ya miƙe ya ƙwala kira, "Obi!" Mutumin bai juyo ba, alhali tsakaninsu bai fi faɗin hanya ba. Sai da Yaya ya je ya dafa kafaɗarsa. Suka rungume juna. Obi na magana da ƙarfi kamar mai kiran wani a hayin rafi. Ya nuna kunnuwansa ya ce ƙarar manyan bindigogi ta cinye su, ɗaya ya mutu, ɗayan saura ƙiris. Yaya ya tambayi iyali. Obi ya ce matar na nan. Bai ambaci yaran ba, mu ma ba mu sake tambaya ba.

Yaya ya ɗauko jitar daga cikin buhun da ya naɗe ta. Na matsa kusa na ce masa a hankali ba sai ya faɗa ba, mutumin nan ya sha abin da ya ishe shi, kuma ba zai taɓa ganewa ba. Ko kallona bai yi ba. Ya kafa baki a kunnen Obi mai sauran rai, ya ɗaga murya yadda duk kasuwar da ta taɓa zarginsa ta ji.

"Na kwance kunnen jitarka na asali! Da hannuna na kashe shi! Waɗannan biyun ni na naɗa!"

Obi ya gyaɗa kai, ban san ko duka ya ji ba. Aka haɗa jitar da sabon akwati. Ya ɗora ta a cinya, ya kaɗa, ya yamutsa fuska don ba ya ji. Sai ya sunkuya ya kafa haɓarsa a kan katakon jitar, yadda rawar za ta bi ta ƙashinsa, ya fara kaɗa irin kiɗan da yake yi a bariki ranar Asabar. Yatsun sun yi nauyi amma ba su manta ba. Mutane suka taru. Ya daɗe yana kaɗawa a haka, a dunƙule, hawaye na bin katakon. Da ya ɗago ya ce da ƙarfi, "Ita ce, Garba! Muryarta ce!"

Yaya ya girgiza kai ya ce, "Ba ita ba ce. Saura kaɗan."

Obi bai ji ba. Ni na ji.

Obi ya tafi da jitarsa washegari, ba mu sake jin labarinsa ba. Yaya ya ci gaba da naɗa kunne, yana yi wa makaɗan coci na ƙauyukanmu, da 'yan kiɗan otal da ke aiko masa daga Kaduna da Zariya, har idonsa ya daina ganin wayar. Masu karɓa na yabawa. Shi kuwa kowanne ya gama sai ya ja waya ɗaya, ya rufe ido, ya ajiye.

In aka tambaye ni abin da ya bari, ba ni da abin nunawa. Inda rumfarsa take yanzu shagon cajin waya ne. Bai koya wa kowa naɗin ba, don ya ce shi ma bai gama iyawa ba. Abin da na sani shi ne ban hau motar nan ba. Na ga haihuwar ɗiyata ta fari, na yi aikina har na yi ritaya, na tsufa a ɗakina, kuma farashin duk wannan shi ne alkawari ɗaya da mutumin da ba ya saɓa alkawari ya saɓa saboda ni. Bai taɓa goranta min ba, bai kuma taɓa yafe wa kansa ba. Wannan na damuna har gobe.

Sautin kuwa ya tafi da shi kabari. Mu ɗaruruwa ne a filin kasuwar nan da safiyar da ya ja wayoyin nan shida, amma in ka tambaye ni yadda muryar take ba zan iya gaya maka ba, kuma na tabbata ba wanda zai iya. Mu duka tsoro muke ji. Shi kaɗai ne yake saurare.

Allah ya jiƙan Yaya Garba, ya sa ya huta, ya zaunar mana da ƙasarmu lafiya.